Ciwon Sukari: Gadon Da Ake Ɗauka Tun Daga Ciki

A Unguwar Hajji ta Ƙaraye, kamar sauran ƙauyukan Ƙaraye da Rogo, idan mace ta haifi jibgegen jariri sai barka da guɗa, a ce uwa ta ci ta ƙoshi. Likita kuwa, da ya ga jariri ya haura kilo 4, tambayarsa ta farko ita ce: an auna sukarin uwar nan?

Dalili shi ne, sukarin jinin mai ciki yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, amma insulin ɗinta ba ya ratsawa. Sai jikin ɗan ya yi ta sarrafa nasa insulin, yana tara kitse. Ashe ƙibar da ake yi wa murna wani lokaci alamar wahala ce.

Mun saba cewa ciwon sukari gado ne, daga nan mu rufe magana. Binciken da aka wallafa a shekarar 2000 kan ƙabilar Pima ta Arizona a Amurka ya nuna lamarin ya wuce haka. An kwatanta 'yan uwa ciki ɗaya, waɗanda aka haifa kafin uwarsu ta kamu da ciwon da waɗanda aka haifa bayan ta kamu. Haɗarin na bayan ya ninka na farkon fiye da sau 3. Da aka yi irin wannan kwatanci da ciwon uba, ba a ga bambanci ba. Jini ɗaya, gida ɗaya. Zaman ciki ne ya raba su.

Masana suna kiran fannin da ke bin sawun wannan al'amari efijenetik. Duk wanda ya yi karatun allo zai gane shi: baƙi ba ya canzawa, amma wasali yana canza karatu. Haka wasu ƙananan sinadarai ke manne wa DNA, su kunna wata ƙwayar halitta, su dushe wata. An ga irin waɗannan alamomi a mabiyiya da jinin cibiyar jariran masu sukarin ciki, ko da yake har yanzu ana muhawara kan girman rawar da suke takawa. Yunwa ma tana barin nata tabon: a 2008 an tarar da sauyin alamomi a jikin 'yan Holan da aka yi cikinsu a yunwar 1944 zuwa 1945, bayan shekara 60.

Abin takaici, maganin wannan sarƙaƙiya ba ya buƙatar na'urar miliyoyi. Awo ne tsakanin mako na 24 da na 28: mai ciki ta zo ba ta karya kumallo ba, ta sha giram 75 na gulukos, a ɗebi jininta. Gwajin fitsari kaɗai ba ya wadatarwa. A ganina, bai kamata matar Unguwar Hajji ta jira sai an tura ta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kafin a yi mata shi ba. Ita kanta uwar, haɗarin kamuwarta da ciwon daga baya ya ninka na sauran mata kusan sau 7, don haka tana buƙatar sake awo bayan wankan jego.