Kano da Katsina: Ina Matafiyi Zai Nufa?

Akwai waɗansu matafiya waɗanda ba fatauci ke raba su da gida ba, sai son ganin duniya. Kayansu duka jaka guda ce a baya, guzurinsu kuwa kaɗan ne. Tilas ne irin wannan matafiyi ya yi tunani kafin ya tashi, don kada guzuri ya ƙare bai ga abin da ya fito nema ba. Bari mu gwada masa tsofaffin birane biyu, watau Kano da Katsina.

Kano birnin ciniki ne da sana'a. In baƙo ya hau Dutsen Dala da sassafe, sai ya hangi birnin shimfiɗe a ƙarƙashinsa. In ya sauko, sai ya shiga Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa. Shi Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A nan baƙo zai ga dukawa da masu sayar da tufafi da kayan doki. A Ƙofar Mata kuwa marina na nan suna rina tufafi da baba, kamar yadda kakanninsu suka yi. Amma fa Kano akwai cunkoso, ga nisa tsakanin unguwanni, saboda haka kuɗin mota yakan ci guzuri.

Katsina kuwa tun dā da ilimi aka san ta. Can ne Hasumiyar Gobarau take, wadda aka gina da ƙasa shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Can ne kuma manyan malamai Ɗan Marina da Ɗan Masani suka zauna. A 1922 aka buɗe Kwalejin Katsina, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu. Yanzu an mai da gininta gidan tarihi. Katsina ba ta kai Kano girma ba, don haka matafiyi yana iya zaga yawancin wuraren nan da ƙafa.

To, wanne ya fi? Mai son ganin kasuwa da aikin hannu, ya nufi Kano. Mai son tarihin malamai da natsuwa, ya nufi Katsina. Duk inda ya sauka dai, ya gai da mutane da ladabi, ya nemi izini kafin ya shiga wuri, gama baƙo mai ladabi ba ya rasa masauki.

Tambayoyi
1. Wa ya kafa Kasuwar Kurmi?
2. Me ya sa Katsina ta fi sauƙin zagawa da ƙafa?
3. Da kai ne, wane gari za ka zaɓa? Don me?