Shafin da ya ɓace a intanet: ina ake tono shi?

A ƙarshen watan Yulin 1899 ne dakarun Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga suka tari sojojin Faransa a Tirmini, yamma da birnin Zinder. Bindigar nasara ta rinjayi doki da mashi, ba a jima ba suka shiga Birni. Sojojin nan ragowar ayarin Voulet da Chanoine ne, wanda ta'asarsa ta cika jaridun Paris a shekarar. Yau mai salula a tashar Tirmini zai iya buɗe waɗannan jaridu kyauta a Gallica, rumbun intanet na babban ɗakin karatun ƙasar Faransa. Amma ka tambaye shi sanarwar da wata ma'aikata ta sa a shafinta shekara goma da suka wuce, ko hoton kasuwar garin da wani ya ɗora a Facebook, sai ka ga an yi ta lalube babu. Takardar da ta haura shekara 120 tana nan, rubutun shekaranjiya ya bi iska.

Abin ba a Nijar kaɗai yake ba. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta fitar da rahoto a 2024, inda ta gano cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da ke buɗuwa a 2013 sun daina buɗuwa bayan shekara goma. Dalilan ba wasu manya ba ne. Sunan shafi haya ake yi duk shekara, kamar shago a kasuwar Dole; in mai shi bai biya ba, a rufe. Wani lokaci jarida ce ta mutu, wani lokaci aikin wata ƙungiya ne ya ƙare aka watse, wani lokaci kuma sabon shugaba ne ya zo ya sa a share na wanda ya gada. Waɗanda suka yi zamanin Skyblog sun ga irin wannan: an rufe shi a watan Agustan 2023, da rubuce-rubuce da hotunan ƙuruciyar miliyoyin masu jin Faransanci a ciki.

Akwai dai wani rumbun tsimi. Sunansa Internet Archive, wani Ba'amurke Brewster Kahle ya kafa shi a 1996 a San Francisco, kuma ba don neman riba ba. Na'urorinsa suna yawo shafi zuwa shafi dare da rana, suna ɗaukar kwafin abin da suka tarar, suna ajiyewa da kwanan wata. A 2001 aka buɗe wa jama'a ƙofar shiga, wadda ake kira Wayback Machine. A watan Oktoban 2025 suka ba da sanarwar cewa shafukan da ke ciki sun kai tiriliyan 1, wato biliyan dubu. Shiga kyauta ne, ba a biyan ko dala, in ban da megar da za ta ci.

Yadda ake yi: ka rubuta web.archive.org, zai kawo maka wani akwati. A nan za ka sa adireshin shafin da kake nema, misali lesahel.org na jaridar Le Sahel, ko anp.ne na kamfanin dillancin labarai na ƙasa. Sai jerin shekaru ya fito a sama, kalanda a ƙasa. Ranar da aka kewaye da shuɗi, an samu kwafi ke nan. Kore yana nufin shafin ya tura mai ziyara wani adireshi. Ja ko ruwan goro kuwa na'urar ta je ta tarar da matsala, da wuya ka samu abin kirki. Ka taɓa ranar, ka zaɓi sa'a, shafin zai buɗe kamar yadda yake a wannan rana, har kana iya bin wasu mahaɗai na ciki.

A lura da abu guda, domin a nan mutane suka fi yin tuntuɓe. Rumbun nan ba Google ba ne. In ka rubuta kalmar Tirmini kawai, ba zai zaƙulo maka kowane labari da ya ambaci garin ba. Yakan nuna sunayen shafuka ne. Adireshi yake so. Shi ya sa tsohon mahaɗin da ya mutu yake da daraja. Wanda wani aboki ya turo maka a WhatsApp shekara uku da suka wuce, kana taɓawa yana cewa 404, kada ka goge shi. Kwafe shi ka zuba a akwatin. Gallica kuwa da kalma ake nema, sai dai a gwada rubutu iri-iri, don nasara ba su tsaya kan rubutu ɗaya ba: a wasu tsofaffin takardunsu Tyrmeni suka rubuta.

A ce wani matashi ya ga sanarwar ɗaukar aiki, ya haɗa takardu, ya biya kuɗin mota zuwa Zinder, sai aka ce masa ai wa'adi ya wuce tun makon jiya, shafin ma an sauya kwanan watan. Hoton allo da ya ɗauka a salularsa ba hujja ba ce mai ƙarfi, tunda yaro ma yana iya gyara hoto yanzu. Kwafin da ke rumbu kuwa ba shi ya ajiye ba, ba su suka ajiye ba. A cikin adireshin kwafin akwai lambobi 14 a jere: shekara, wata, rana, sa'a, minti, daƙiƙa. Agogon GMT ne, sai ka ƙara sa'a ɗaya ka samu lokacin Nijar. Amma a kiyaye, wannan ranar da aka ɗauki kwafi ce, ba lalle ranar da aka wallafa ba. Kuma rumbu shaida yake bayarwa cewa an rubuta, ba ya rantsuwa cewa abin da aka rubuta gaskiya ne. Ƙaryar da aka adana tana nan a ƙaryarta.

Inda rumbun ya fi rauni shi ne inda mu muka fi zama. Facebook da Instagram suna neman mutum ya shiga da sunansa, na'urar kuwa a bakin ƙofa take tsayawa, saboda haka abin da ake samu kaɗan ne, sau da yawa babu hoto babu bidiyo. WhatsApp sam ba ya shiga. Ke nan muryoyin da ake turawa kan farashin tiyar hatsi, da wa'azin malamai, da waƙoƙin biki, da labarin da wani dattijo ya bayar kan yaƙin Tirmini kamar yadda ya ji daga kakansa, duk suna cikin salula ne kawai. Ranar da ta faɗa rijiya ko ɓarawo ya fizge ta a kasuwa, shi ke nan. A ganina wannan ya fi ɓacewar shafukan ma'aikatu ciwo, don abin da nasara suka rubuta a kanmu ya samu masu tsaro, abin da muka faɗa da bakinmu bai samu ba.

Na'urorin kuma sun fi yawan ziyartar manyan shafuka. Ƙaramin shafin wata rediyon karkara ko ƙungiyar manoma yana iya shekara ba a leƙa shi ba. Maganin wannan yana hannun kowa. A shafin farko na Wayback Machine akwai wani akwati mai suna Save Page Now. Ka zuba adireshi, ka taɓa, cikin ɗan lokaci zai ajiye kwafi ya ba ka mahaɗi na dindindin. Ɗan jarida, ɗalibin Jami'ar André Salifou mai rubuta kundin kammala karatu, ko sakataren ƙungiya, ya kamata wannan ya zame musu jiki. Muryoyi da bidiyo kuwa, wanda ya buɗe asusu kyauta a archive.org yana iya ɗora su da kansa, bayan ya nemi yardar mai maganar.

Shi ma rumbun ba gagara-gasa ba ne. A Oktoban 2024 masu kutse sun afka masa, suka kwashi bayanan asusu kusan miliyan 31, aka yi kwanaki ba ya buɗuwa. Mai shafi kuma yana iya neman a cire nasa daga idon jama'a. Don haka takarda mai muhimmanci, irin ta sakamakon jarrabawa ko sanarwar fili, bayan an ajiye ta can, a sauke ta a katin salula, a kuma kai wa mai kwamfuta ya buga kwafi biyu.