Da muguwar rawa gara ƙin tashi: abin da ya kamata ɗalibi ya sani game da laimar shawagi

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare na hau katangar gidanmu da ke Ƙofar Durbi riƙe da laimar kakata. Na buɗe ta, na runtse ido, na diro. Laimar ta juye ta koma kamar kwando, ni kuwa sai gidan mai ɗori. Mako shida na yi ina rubutu da hannun hagu, malaminmu yana tambaya ko kaza ce ta yi tono a littafina.

Na daɗe da mance wannan labari, sai a hutun da ya wuce ƙanena ya miƙo mini waya. Wani mutum ne a bidiyo, rataye a ƙarƙashin wani ƙyalle mai launi, yana yawo a saman duwatsu kamar shirwa. Ya ce, "Yaya, ai wannan da tamfol da igiyar shanya za mu iya haɗa shi." Nan take hannuna na dama ya tuna mini da abin da ya faru. Shi ya sa na zauna na karanta littattafan da masu ƙera wannan laima ke haɗawa da ita, na gwama da abin da muke koyo a darasin Fiziks a jami'a, domin in kawo wa ƙannena 'yan sakandare bayani kafin wani ya je neman tamfol.

Ba laimar dirowa ba ce

Turawa na ce mata faragilaida, mu kira ta laimar shawagi. Abu na farko da ya kamata a gane shi ne ba a tsalle da ita. Laimar da sojoji ke dirowa da ita daga jirgi aikinta rage saurin faɗuwa. Ita wannan fiffike ce, irin na jirgin sama, sai dai da yadin nailan aka ɗinka ta.

Yadin shafi biyu ne, sama da ƙasa, an raba tsakaninsu zuwa dogayen aljihuna masu buɗaɗɗen baki ta gaba. Idan iska ta shiga ta bakin, aljihunan sai su cika su yi tauri, yadin ya ɗauki siffar fiffike. Faɗinta daga gefe zuwa gefe yakan kai mita 8 zuwa 12, nauyinta kuwa bai cika wuce kilo 3 zuwa 7 ba. Siraran igiyoyi na Dyneema ko Kevlar ne ke saukowa daga yadin zuwa wata kujerar ɗamara da matuƙin ke zama a ciki. Ga linzami biyu a hannunsa: ya ja na dama ta karkata dama, ya ja na hagu ta yi hagu, ya ja duka biyun daf da ƙasa ta rage gudu ya sauka da ƙafafunsa. Amma idan ya ja su da yawa alhali yana can sama, fiffiken zai rasa iskar da ke ɗauke da shi, ya fara faɗowa.

Wajen tashi, matuƙi yakan shimfiɗa laimar a gangaren tudu, ya fuskanci inda iska ke fitowa, ya jawo ta ta miƙe a saman kansa, ya duba komai daidai, sannan ya ruga har ƙafarsa ta bar ƙasa. Laimar masu koyo takan yi gaba kamar mita 8 a duk mita 1 da ta sauko. Ga lissafi mai sauƙi: daga tudu mai tsayin mita 300, in babu iskar da ta ɗaga ka, za ka yi tafiyar kusan kilomita 2 da mita 400. Saboda haka saman bene ko katanga ba su da wata alaƙa da wannan wasa. Babu filin shimfiɗa laima, babu gangaren gudu.

Daga Faransa zuwa Ghana

A watan Yunin 1978 wasu abokai uku masu dirowa daga jirgi, Jean-Claude Bétemps da André Bohn da Gérard Bosson, suka gwada tashi da laimarsu daga gangaren dutse a ƙauyen Mieussy na Faransa. Daga nan abin ya bazu, har aka yi gasar duniya ta farko a hukumance a Kössen ta ƙasar Ostiriya a 1989.

A nan Afirka ta Yamma, wurin da ya fi suna shi ne yankin Kwahu na ƙasar Ghana, ƙasar da kakanninmu suka riƙa zuwa fataucin goro. Tun 2005 ake bikin shawagi a can a lokacin hutun Ista. Ana tashi daga dutsen Odweanoma da ke Atibie, a sauka a filin wasa na garin Nkawkaw, kan hanyar Akara zuwa Kumasi. Ku lura da abu ɗaya: 'yan kallon da ke hawa ba su ke tuƙi ba. Ƙwararren matuƙi ne ke goya fasinja a gabansa, da laima ta musamman mai ɗaukar mutum biyu. Da yawan bidiyoyin da kuke gani a waya irin wannan goyon ne.

Darasin shirwa

Idan kuka ɗaga kai da hantsi za ku ga shirwa tana kewaye a sama ba ta kaɗa fiffike. Rana ce ke gasa ƙasa, ƙasa ta ɗumama iskar da ke kanta, iska mai ɗumi kuma ta fi mai sanyi rashin nauyi, sai ta yi sama. Cikin wannan iskar shirwa ke kewayawa, haka ma ƙwararrun matuƙa ke yi har su shafe sa'o'i a sama.

To amma iskar da ke ɗaga gwani ita ce ke halaka ɗan koyo. Laimar shawagi ba ta da ƙashi ko ɗaya. Idan iska ta murɗe, gefe guda na iya naɗewa. Shi ya sa ake koyar da sababbi da sassafe ko da yamma liƙis, lokacin da iska ta lafa. Gudun laimar kansa kamar kilomita 35 ne a awa, don haka idan iska ta zarce wannan ƙarfi, matuƙi baya zai riƙa yi. Bayan tudu ko bayan dogayen gine-gine ma wuri ne da ake gudu, domin a nan iska ke birkicewa kamar ruwan da ya bugi dutse.

Mu 'yan Katsina mun san abokan gabar wannan laima tun muna ƙanana. Akwai guguwar bazara mai ɗaga leda da kara sama. Ita ma iska mai zafi ce da ke tashi tana juyawa, kuma tana iya fizge laima da mai ita. Akwai hazon hunturu mai hana ganin wayoyin lantarki. Sai babbansu, hadari. A ranar 14 ga Fabrairun 2007, wata gwanar wasan daga tawagar Jamus, Ewa Wiśnierska, tana atisaye kusa da garin Manilla na Ostireliya, hadari ya zuƙe ta sama har mita 9,946, tsayin da ya zarce na dutsen Everest. Ta suma, sanyi ya ƙone mata fata, amma Allah ya yi da sauran kwananta. Wani matuƙi ɗan China, He Zhongpin, da hadarin ya haɗa da shi, bai tsira ba. Waɗannan ƙwararru ne na matakin duniya, ina ga wanda ya fara jiya?

Ƙa'idojin ɗan koyo

Ana gwada laimomi a Turai a ba su daraja daga EN-A zuwa EN-D. Ta ɗan koyo ita ce EN-A, domin idan ta naɗe ta fi saurin warware kanta ba tare da matuƙi ya yi wata dabara ba. EN-D ta ƙwararru ce. Kowace laima kuma tana da iyakar nauyin da aka rubuta a jikinta, misali kilo 75 zuwa 95, wato mutum da kayansa duka. Yaro mai kilo 45 a ƙarƙashin laimar babban mutum kamar ganye yake a hannun iska.

Ba a koyon wannan abu daga bidiyo. Sai da malami mai lasisi, wanda zai riƙa yi wa ɗalibi magana ta rediyo tun tashi har sauka. A Jamus ana iya fara koyo a shekara 14 da yardar iyaye, amma lasisi sai an kai 16. Kwanakin farko ma ba a sama ake yin su ba. A fili ake tsayawa, ɗalibi ya riƙa ɗaga laimar yana tsayar da ita a saman kansa, ta faɗi ya sake, har hannunsa ya san halinta.

Kafin kowane tashi akwai abubuwa biyar da ake dubawa: ɗamarar cinya da ta ƙirji da hular kwano, igiyoyi, kada su harɗe, bakin laima, ya kasance a buɗe, ƙarfin iska da inda take fitowa, sai sararin gaba, ko akwai wani a ciki. Mantuwar ɗaure ɗamarar cinya kaɗai ta yi sanadin mutuwar matuƙa, domin mutum zamewa yake daga kujerar. A cikin kujerar kuma akwai wata laimar ko-ta-kwana da ake jefawa idan babbar ta ƙi. Masu ƙera ta kan ce a warware ta a sake naɗewa duk wata shida zuwa shekara.

Yadin da rai ke rataye a jikinsa

Wanda ya taɓa ganin yadda leda ke ruɓewa idan ta daɗe a rana ya san babban maƙiyin nailan. Hasken rana na cin yadin da shafen da ke hana iska ratsa shi. Don haka ba a barin laima a shimfiɗe ana hira. Da an sauka a tattara ta a kai inuwa. Ba a barinta a but ɗin motar da ke tsaye a rana. Ba a naɗe ta da danshi, sai ta bushe a inuwa. Idan ta yi datti, ruwa zalla da soso mai laushi ake sawa. Omo, bilic da injin wanki duk lalata ta suke. A nisanta ta da fetur, baƙin mai da ruwan batir.

Ƙasa irin tamu tana da nata ƙarin matsalolin. Rairayi na shiga aljihunan ya taru a baya, yana goge yadin daga ciki, sai an zazzage shi. Ƙaya da ƙarangiya na huda shi idan aka ja shi a ƙasa. Ga kuma fara. Idan aka naɗe laima da fara a ciki, za ta ci yadin don neman hanyar fita, ruwan jikinta kuma ya ɓata shi. Farar da muke ci da yaji ita ce ke cin laimar dubban daloli.

Igiyoyi ma ba a taka su, ba a ƙulle wadda ta tsinke. Tsawon kowacce a lissafe yake, bambancin 'yan santimitoci na iya sauya yadda fiffiken ke tashi. Galibin kamfanoni kan buƙaci a kai laima wurin gwani ya duba ta duk shekara biyu ko bayan kamar awa 100 na shawagi. A can ake auna yadda iska ke ratsa yadin da ƙarfin igiyoyin. Wannan ne ya sa sayen gwanjo a intanet ba tare da takardar wannan gwaji ba yake da haɗari. Laima na iya sheƙi a ido alhali ta mutu. Araha ba ta ado, balle a abin da za ka rataya ranka a jikinsa.

To mu fa, me za mu yi yanzu?

Katsina shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, kuma muna da filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa a gefen gari. Sararin sama yana da doka, hukumar NCAA ce ke kula da harkar a Najeriya, ba kowa ke tashi da abin da ya ga dama ba. Amma wannan bai hana ɗalibi fara shiri tun yau ba. Ka riƙe Fiziks, Lissafi da Jogirafi da kyau. Ki riƙa sauraron hasashen yanayi na hukumar NiMet, ki gwada shi da abin da kika gani a sama washegari. Ku koyi bambanta gajimaren da ba ya da komai da wanda ke shirin zama hadari. Ku roƙi malamin kimiyya ku ɗinka ƙaramar laima ta leda, ku rataya mata murfin kwalba, ku auna daƙiƙoƙin da take yi kafin ta taɓa ƙasa. Wanda kuma ke son sama ta zama sana'arsa, ga kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964.

Ni da ƙanena mun yi namu gwajin. Mun yanka leda, mun ɗaura zare takwas, mun rataya ɗan dutse, muka sako daga kan katangar nan da na taɓa dirowa. Sau uku tana sauka lafiya. A na huɗu zare ɗaya ya harɗe, dutsen ya faɗo tim. Ƙanena ya tsaya yana kallonsa, sannan ya ce, "Yaya, da ni ne fa?" Tamfol ɗin yana nan inda yake, an rufe buhunan gero da shi.