Dabbar da Ke Cikin Adakar Kakana

A ƙasan adakar kakana a garin Sakaba, ƙarƙashin takardun fansho da wata tsohuwar jar dara, akwai wani hoto baƙi-da-fari da bai fi tafin hannu ba. Tun ina ɗan shekara tara nake satar kallonsa. Wata halitta ce ta yumɓu tsaye a kan tudun ƙasa, ƙafafu huɗu kamar turame, kai a ɗage sama, baki a wangame. Gefenta ga tukwane a kife, ga duwatsu a jere sun kewaye wurin. Na ga hotuna iri-iri bayan na girma, har da zanen Monalisa da ake tururuwar gani a Faransa, amma babu wanda ya tsaya mini a rai kamar wannan.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne mai adakar. Tsohon soja ne da ya koma ga allo da carbi, ko kalanda mai hoton mutum ba ya bari a rataya masa a ɗaki. To me ya haɗa shi da abin da kowa zai kira gunki? Sau ɗaya na tambaye shi. Ya karɓi hoton ya mayar, ya ce, "Jeka ka ci tuwo." Har Allah Ya karɓi ransa bai sake ɗaga zancen ba.

Da aka zo rabon kayansa, hoton kaɗai na roƙa. A lokacin ina zaton kwalliyar kan rumbu ce aka sauke ƙasa. Baffana ne ya fara warware mini. Ya ɗora yatsa a kan duwatsun nan, ya ce, "Ɗana, ba a yi wa rumbu irin wannan jeri. Wannan kushewa ce." Sai ya juya bayan hoton, ya nuna mini wani rubutun fensir da ya kusa gogewa, wanda na sha ɗauka datti ne: Dabai. Garin Dakarkari ne kusa da Zuru, mutanen da ke kiran kansu Lelna, masu bikin Uhola da noman golmo. Na san asalinmu daga can ne, amma a gidanmu ba a cika faɗa ba.

Shekaru suka shuɗe kafin na ci karo da 'yan'uwan dabbar, a ɗakin karatu na jami'a a Sakkwato. Wani Bature mai suna Fitzgerald ya yi rubutu a kansu a 1944, wani kuma, Allen Bassing, a 1973. A nan na gane a wancan zamanin ba kowa ake ɗora wa irin wannan ba. Talaka tukunya ce rabonsa. Manyan siffofi kuwa na sarakuna ne da mayaƙa da maharba da gwanayen kokawa, kuma wadda ake kira giwa tana cikin mafiya daraja. Wato dabbata giwa ce, ko da yake ba ta da haure. Abin da ya fi girgiza ni, mata ne ke gina su, kuma ba kowace maginiyar tukwane ba, sai 'yan wasu gidaje da uwa ke koya wa 'yarta.

Saura bakin nan. Ina yaro na ɗauka gurnani take yi don ta tsorata mai zuwa. Wata rana na ga hoton wasu mutum-mutumi na gasasshen yumɓu da ke wata majami'a a Bolonya ta ƙasar Italiya, aikin Niccolò dell'Arca a ƙarni na 15. A cikinsu akwai mata a kan gawa, bakunansu a buɗe, mayafansu na tashi. Ko ba a faɗa maka ba, kana jin ihun. Na ɗauko hoton kakana na ajiye kusa da su, sai tsigar jikina ta tashi. Ashe giwar nan kuka take yi. Kuma a ganina ta fi su, domin su an yi musu fuska da tufafi, ita kuwa da wuya ɗaya da baki ɗaya aka faɗi makokin gaba ɗaya.

Duk da haka ban san kushewar wane ne ba. Sai na nufi Dirin Daji wurin ƙanwar kakana, wadda tsufa ya riga ya rage mata gani. Ta kai hoton dab da idonta, ta yi shiru har na zaci ba ta gane ba.

"Angona, a ina ka samo babanmu?"

Mahaifinsu ne kwance a wurin, maharbi. Kakana ya zo hutu daga bariki, ya ɗauko mai hoto daga Zuru ya hau da shi dutsen da kushewar take. Bayan wasu shekaru aka wayi gari babu giwar, kamar yadda irinta da yawa suka salwanta, wasu kuwa yau suna gidajen tarihi na Turai da Amurka.

Na ce, "Kaka, shi da ba ya son gumaka, me ya sa ya riƙe wannan?"

Ta ce, "Wane gunki? Hannun innarmu ne. Ita ta kwaɓa, ita ta gina, ita ta toya, ni nake ɗebo mata ruwa. Ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba. Abin da ya rage masa nata ke nan."

Kafin na taso na sa ta maimaita mini sunan innar tasu sau biyu. Na rubuta shi da biro a bayan hoton, ƙarƙashin Dabai.