Keken Titaniyam: Dalilin Tsadarsa da Rabon Kudancin Kaduna a Cinikin

Tun lokacin da aka sha yin barazanar janye tallafin man fetur, har zuwa ranar 29 ga Mayun 2023 da aka aiwatar da shi, keke bai taɓa barin hanyoyin ƙaramar hukumar Kajuru ba. Shi ne dai abin hawan manomin da ke kai buhun masara ko citta Kasuwan Magani ranar cin kasuwa. Sai dai akwai wani irin keke daban wanda ke shigowa ƙasar nan jefi-jefi ta hannun masu hali da ke hawa don motsa jiki. Wannan shi ne keken tsere na kan kwalta da ake ƙerawa da ƙarfen titaniyam, wanda kuɗinsa kan kai na ƙaramar mota.

A Amurka da Turai, cikakken keke irin wannan daga sanannen kamfani yakan kama daga dala 5,000 zuwa dala 10,000, wani ma ya zarce haka. Idan aka ɗauki na dala 7,000 a kan canjin naira 1,500 ga dala ɗaya, kamar yadda aka gani a yawancin watannin 2024, kuɗin ya tashi naira miliyan goma da rabi, ban da kuɗin jirgi da na kwastan. Tambayar da ta kamata ɗan kasuwa ya yi ita ce ina wannan kuɗi yake tafiya, tunda ma'adinin da ake samun ƙarfen daga cikinsa ba abu ne mai wuyar samu ba.

Titaniyam shi ne na tara a yawa cikin sinadaran da ke ɓawon ƙasa. Wani limamin coci a Ingila mai suna William Gregor ne ya gano shi a 1791 cikin baƙin yashi na yankin Cornwall, sa'an nan masanin Jamus Martin Klaproth ya raɗa masa suna a 1795. Ana samunsa galibi cikin ma'adinai biyu, ilmanait da rutail. Ilmanait baƙin yashi ne mai nauyi, kuma yana daga cikin abin da ke fitowa tare da kuza a filayen haƙa na tsaunukan Jos, waɗanda suka miƙo har kudancin Jihar Kaduna, wajejen Kafanchan, Godogodo da Nok. Shekara da shekaru masu wankin kuza suna ɗaukarsa a matsayin dusa, sai daga baya masu injinan tacewa na maganaɗisu a Jos da Bukuru suka riƙa ware shi suna sayar wa masu fitarwa waje.

Lissafin yana da sauƙi. Kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyin ilmanait titaniyam ne. Gangar jikin keken tsere, wato firam ɗinsa, takan kai wajen kilo ɗaya da rabi. Ke nan kilo biyar na yashin sun ƙunshi ƙarfen da ke cikinta. A kasuwar duniya tan guda na ilmanait 'yan ɗaruruwan daloli ne kawai, saboda haka kilo biyar ɗin nan ba su kai dala biyu ba. Ko da an ninka wannan sau uku domin abin da ke salwanta wajen sarrafawa, rabon mai haƙa a cikin keken dala 7,000 bai kai kuɗin tif ɗin taya guda ba.

Tsadar tana farawa ne daga wajen raba ƙarfen da yashinsa. Baƙin ƙarfe ana narka shi da gawayi a tanderu, kamar yadda mutanen Nok suka yi tun fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Titaniyam bai yarda da haka ba, domin da zarar ya yi zafi sai ya haɗiye iskar da ke kewaye da shi ya zama mai saurin karyewa. Dabarar da ake bi har yau ita ce wadda William Kroll, mutumin Luxembourg, ya fito da ita a shekarun 1930. Ana gasa ma'adinin da gawayin kwal da iskar kilorin a zafin da ya kusa digiri 1,000, a sami wani ruwa, a tace shi, sa'an nan a zuba shi kan narkakken magniziyam cikin rufaffiyar tukunya da aka cika da iskar agon. Tukunya ɗaya takan ɗauki kwanaki. Abin da ke fitowa dunƙule ne mai huji-huji kamar soso, wanda sai an farfasa shi, an sake narka shi sau biyu ko uku a wurin da aka zuƙe iska, kafin ya zama ƙarfen da za a iya ja a yi bututu. Shi kansa narkewar ba ta yiwuwa sai zafi ya kai digiri 1,668. Duk wannan aiki na wutar lantarki ne mai yawa wadda ba ta yankewa, shi ya sa ƙasashen da ke yinsa ƙalilan ne, manyansu kuwa su ne Sin, Japan, Rasha da Kazakhstan. Nijeriya ba ta da irin wannan masana'anta.

Bututun da ake keke da shi yawanci gauraye ne, kashi uku cikin ɗari alminiyon, kashi biyu da rabi banadiyam, sauran titaniyam. Masana'antar jiragen sama ce ta fara amfani da shi, masu keke suka biyo baya. Kamfanin Speedwell na Birmingham da Teledyne na Amurka sun gwada a farkon shekarun 1970, amma kasuwar ba ta kafu ba sai bayan 1986, shekarar da Merlin da Litespeed suka fara a Amurka. Yankan wannan bututu yana cin bakin injin, waldarsa kuma sai an lulluɓe wurin da iskar agon ciki da waje, ba a yarda ko maiƙon yatsa ya taɓa shi ba. Ƙwararren mai walda yakan yi firam kaɗan ne a mako, kuma ladansa na cikin farashin.

Abin da mai saye yake samu a madadin kuɗinsa ba ƙarya ba ne. Nauyin titaniyam bai kai kashi 60 cikin ɗari na baƙin ƙarfe ba, alhali ƙarfinsa ya yi kusa da nasa. Cikakken keken yakan tsaya wajen kilo takwas, shi kuwa keken dako irin su Raleigh da Phoenix, wanda aka saba da shi a karkara, yakan doshi kilo ashirin. Mai hawan gangaren Kagoro ko tuddan da ke tsakanin Kujama da Kachia zai ji bambancin a cinyarsa tun kafin ya kai rabin tudu. Ba ya tsatsa, don haka ba ya bukatar fenti, kuma damina mai tsawo irin ta kudancin Kaduna ba ta yi masa komai. Yana da ɗan lanƙwasa da ke rage jijjigar hanya mai gargada. Wajen rashin nauyi kam firam ɗin zaren kabon ya fi shi, domin akwai wanda bai kai kilo ɗaya ba, kuma shi ya mamaye manyan gasanni. Amma kabon yakan tsage idan ya bugu da dutse, titaniyam kuwa sai dai ya ƙarje a goge shi. Masu sayensa galibi suna sayen keken da za su hau shekara ashirin ne ko fiye.

Matsalar mai irin wannan keke a Kajuru ita ce abin da ke biyo bayan saye. Mai gyaran keke na bakin kasuwa ya iya faci, ya iya ɗaure kaca da daidaita burki, amma kayan da ke jikin keken tsere ba su shiga da na keken gida. Tayarsa siririya ce, faɗinta milimita 25 zuwa 32, kuma ba a ajiye ta a shagunan karkara. Giyarsa ta baya tana da faranti goma sha ɗaya ko sha biyu, kacarta kuma tana ƙarewa da sauri a ƙurar hunturu. Kowane ɗayan waɗannan sai an yi odarsa daga Legas, Abuja ko waje, da kuɗin da ke bin farashin dala. Mafi muni shi ne idan firam ɗin ya tsage a mahaɗa. Mai walda na unguwa zai iya liƙe shi da na'urarsa ta yau da kullum, ya yi kyau a ido, amma wurin ya riga ya sha iska, kuma zai iya ɓallewa ana cikin gangara. Gyaran gaskiya yana nufin mayar da shi ga wanda ya ƙera, a biya jirgi zuwa da dawowa. Ga kuma batun tsaro: tsakanin 2019 da 2024 an sha samun hare-hare da sace mutane a ƙauyukan Kajuru da kan hanyar Kachia, abin da ya sa hawan keke mai nisa shi kaɗai da sassafe ya zama kasada.

Ga mai neman riba kuwa, keke ƙaramin ɓangare ne na cinikin titaniyam. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ma'adinin da ake haƙa a duniya ba ya zama ƙarfe ko kaɗan. Farar hoda ake mayar da shi, wadda ke ba fenti, roba, takarda da man goge baki haskensu. Wasu ƙasashen Afirka sun daɗe da shiga wannan kasuwa a tsare. Saliyo tana da rutail mai kyau, ko da yake yaƙin basasa ya rufe mahaƙarta daga 1995 zuwa 2006. Afirka ta Kudu ta kafa kamfanin Richards Bay a 1976, inda ake narka ilmanait a ƙara masa daraja kafin a fitar, a kuma sami baƙin ƙarfe a gefe. Mozambik ta fara a Moma a 2007, Senegal kuma a gaɓar tekunta a 2014.

A Nijeriya, inda aka kafa ma'aikatar ma'adinai ta tarayya a 1995, aka kuma yi sabuwar dokar haƙar ma'adinai a 2007, yawancin aikin yana hannun ƙananan mahaƙa masu shebur da kwano, waɗanda ke sayarwa a buhu ba tare da an auna yawan titaniyam ɗin da ke ciki ba. Masu saye a waje kuwa a kan wannan awo suke yanke farashi, buhun da aka tace da maganaɗisu aka gwada a ɗakin bincike ya fi wanda aka kawo da ƙasarsa kuɗi. Su kuma kamfanonin fenti na Legas da Kano, farar hodar da suke aiki da ita daga waje suke shigo da ita, da dala.