Kafin Ka Sayi Fuloti, Ka Duba Inda Kuɗin Za Su Fito

'Yan'uwa manoma, kowace kaka, da zarar an sayar da riɗi da zoɓo, sai mu ji wani ya tashi a taron ƙungiya ya ce, "Malam, ina so in sayi fuloti a nan Kanya Babba, ko a Babura bakin titi, in gina shago in ba da haya." Tunanin yana da kyau. Naira tana rasa daraja a aljihu, ƙasa kuwa gara ba ta cinta. Amma akwai inda muke so mu ja kunnen mai sayen farko, watau wajen kuɗin.

Ga misali. A ce fulotin naira 600,000 ne, ka ranto su da ruwa kashi 30 cikin ɗari. Kowace shekara ruwan kaɗai naira 180,000 ne, ba a taɓa uwar kuɗin ba. Kada a ce mun cika lissafin, gama a ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai nasa ma'aunin ruwa kashi 27.5, bankunan kasuwa kuma sama da haka suke ɗorawa. To, me fulotin zai kawo a shekarar nan? Ko kwabo. Akuya tana haihuwa, kaza tana ƙwai, amma fili sai an yi gini an sami ɗan haya tukuna.

Abin da ya fi wannan muni shi ne jinginar da gona. Mun san yadda take a ƙasarmu: wanda ya ba ka kuɗi shi zai riƙa noma gonar har ranar da ka fanshe ta. Ke nan ka ba da abin da zai biya bashin. Gero ya ragu a rumbu, yara na makaranta, fansa ta gagara. Mun ga magidancin da ya yi haka, ya shekara huɗu yana ƙwadago a gonar ubansa, fulotin kuwa yana can tumaki suna kiwo a ciki. Gonar da iyali ke ci daga cikinta, a bar ta.

Hanyoyin da muka ga suna fisshe mutane ba su da sauri. Akwai adashi, idan ka nemi ɗauka ta zo daidai da kaka. Akwai asusun ajiya da rance na ƙungiyarmu, inda ribar take komawa ga 'yan ƙungiya. Akwai turken raguna biyu ko uku a sayar gab da Babbar Salla. Masu fili da yawa kuma suna yarda a biya su kashi biyu, rabi bana, rabi baɗi, muddin an rubuta. Banki dai ba ya karɓar fili a jingina sai da takardar shaidar mallaka ta gwamnati, yawancin filayen ƙauye kuwa ba su da ita.

Sai maganar mai sayarwa. Tambayar farko ita ce, yaya ya sami filin? Idan gado ne, an raba ko ba a raba ba? Wannan shi ke kai mutane gaban alƙali fiye da kome. Babban wa ya sayar, bayan shekara biyu ƙannensa mata su zo daga gidajen aurensu su ce da rabonsu a ciki, kuma da gaskiyarsu. Ka nemi takardar rabon gado, ko dukan magada su sa hannu. Kada ka dogara da bakin dillali, shi la'adarsa yake nema. Ka je wurin mai unguwa da dagaci, ka tambayi maƙwabtan filin ta kowace kusurwa. Ka tabbata ba burtali ba ne, ba filin makaranta ko kasuwa ba. Idan da hali ka je ka gan shi a watan Agusta, lokacin da ruwa ke nuna inda yake kwana.

A tuna kuma da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna amana, saboda haka abin da kake saya izinin zama da amfani ne. Filin karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da wannan izini, sauya hannu kuma sai da yardarta. Filin da aka ƙebe a matsayin birni kuwa maganarsa tana wurin gwamnati a Dutse. Idan hukuma ta karɓi wuri don hanya ko asibiti, diyyar tana bin ginin da shukar da ke kai ne, ba farashin da ka saya ba.

Ranar biya, a yi a gaban shaidu, a rubuta tsawo da faɗi da sunayen maƙwabta, dagaci ya buga hatimi. Ka kafa duwatsun iyaka, ka dasa darbejiya a kusurwoyi kafin damina ta wuce. Gini kuwa a fara da ɗaki ɗaya, hayarsa ta taimaka wajen na biyu. Takardun a yi musu hoto biyu, ɗaya a gida, ɗaya a ba magatakardan ƙungiya ya ajiye a akwatin ƙungiya.