Tsohuwar Reza Da Sauran Abubuwan Da Ke Halaka Yara A Ɗaki

Duk wanda ya taɓa zama a Kafanchan ya san yadda ake cinikin reza. Mai tebur na bakin tasha da mai kanti na cikin kasuwa kowa yana da ita, ana sayar da ita ɗai-ɗai cikin 'yar takarda kamar alewa. Maigida ya saya don aski da yankan farce, uwargida ta saya don warware ɗinki, ɗan makaranta kuma don fiƙe fensir. Sabuwa ana adana ta, domin kuɗi aka sa. To, idan ta dakushe fa, ina take zuwa? Wani ya cusa ta a tsagar bango, wani ya ajiye bisa taga, wani ya jefa bayan ɗaki inda ake zuba shara, watau daidai wurin da yara ke tone-tonensu.

Rezar da ta kāsa aske gemu ba ta kāsa yanka yatsan jariri ba. Yaro mai rarrafe kuwa, duk abin da ya ga yana ƙyalli sai ya ɗauka, abin da ya ɗauka kuma sai ya kai baki.

Wannan magana ta shafi mazauna Kudu ƙwarai. Tun da Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa a 1927, mutanen wannan yanki, daga Jema'a zuwa Kagoro, Zonkwa da Kwoi, suka riƙa gangarawa Inugu da Fatakwal da Ikko neman abinci, kuma ko da jirgin ya ja baya, motocin citta da doya sun ci gaba da kai su. A gida akwai tsakar gida mai faɗi, ga kaka, ga matan wa da na ƙane, ido ya yi yawa a kan yaro. Amma a Agege ko Sabon Ibadan, ɗaki guda ne: nan ne wurin kwana, nan ne madafa, nan ne ma'ajin kaya. Reza da ashana da kananzir da magani duk suna ƙarƙashin gado ɗaya, uwa kuma ta fita layin famfo.

Yankan reza ba a jinin da ya zuba kaɗai ya tsaya ba. Ƙwayar cutar sarƙe-haƙora tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma rezar da ta kwana a bola ta ɗauko ta. Cutar takan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21, lokacin da iyaye sun riga sun manta da ɗan raunin, sai a ga muƙamuƙin yaro ya ƙage, jiki yana sandarewa, a ce iska ce. Saboda haka allurar rigakafin da ake yi wa jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14 ba abar wasa ba ce, domin maganin wannan cuta yana cikinta. Haka kuma ƙwayar ciwon hanta mai bin jini tana iya yin mako guda da ranta a jikin reza. Wanda ya yanke wa 'ya'yansa farce da rezar da baƙo ya yi aski, ya yi ganganci.

Idan abin ya riga ya faru, a danne wurin da tsumma mai tsabta kamar minti goma ba tare da ɗagawa ana leƙe ba, sa'an nan a wanke da ruwa da sabulu, a kai yaro asibiti da katinsa na rigakafi. Kada a zuba toka ko ƙasa ko man birki. In kuwa haɗiye guntun reza ya yi, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa tuwo wai don ya tura ta. Hoto ne zai nuna inda take.

Dabarar kawar da ita ba ta cin ko kwabo. A sami gwangwanin madara wanda ba a fasa murfinsa ba, a tsaga 'yar ƙofa a sama kamar asusu, duk rezar da ta gama aiki a jefa ciki, a ajiye shi can bisa. In ya cika a buga bakin ya rufe, a binne da zurfi.

Bayan reza sai kwalba. Ana zuba kananzir cikin kwalbar lemo, yaro mai ƙishirwa kuma bai san bambanci ba. Al'adar da aka saba ita ce a ɗura masa manja don ya yi amai, alhali aman ne ke jefa kananzir cikin huhu, can ne kuwa yake yin ɓarna. A bar shi zaune, a cire rigar da ta jiƙe, a nufi asibiti da kwalbar a hannu. Sodar yin sabulu ta fi wannan muni, domin tana kama da ruwa ko gishiri, kuma tana ƙona maƙogwaro har yaro ya kāsa haɗiyar abinci.

A ƙauyukan Kachiya da Jaba da Kagarko inda ake noman citta, akwai ƙarin haɗari da damina: maganin ciyawa da na ƙwari. Manomi yakan ajiye ragowar feshi a ɗakin kwana don tsoron ɓarayi, sa'an nan a wanke jarkar a mai da ita ta ɗiban ruwa. Wani daga cikin magungunan ciyawan, mai suna paraquat, ba shi da makari, kurɓi guda yana iya kisa. Maganin sauro irin su Sniper ma, hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da kantuna tun 2019, amma har yanzu ana cika ƙananan kwalabe da irinsa ana yawo da su a tashoshin mota ba tare da wani rubutu a jiki ba.

Ma'aikatan babban asibitin Kafanchan, wanda aka sa wa sunan marigayi Gwamna Patrick Yakowa, suna iya ɗinke rauni, su yi allura. Amma daga wasu ƙauyukan zuwa can tafiya ce mai nisa, musamman da dare ko bayan ruwan sama. Mai aika kuɗi gida daga Kudu zai iya haɗawa da kuɗin ɗan akwatin ƙarfe da kwaɗo, a kafa shi a bango sama da kan babba, a zuba reza da magani da ashana a ciki, mabuɗin kuma ya zauna a haɓar zanen uwargida.